"Kakana ne ya faɗa mini": dalilin da ya sa aka cire rubutunka a Wikipedia

Wani ɗalibi ne ya aiko mini da tambaya, ransa a ɓace. Ya ce kwana uku ya yi yana rubuta tarihin garinsu a Wikipedia ta Hausa: jerin hakiman da suka riƙe garin, da labarin yadda aka sari wurin aka kafa shi, kamar yadda ya ji a bakin kakansa. Da ya koma bayan kwana biyu sai ya tarar an cire rabin rubutun, ragowar kuma an bi shi da alamar "ana buƙatar hujja". Ya ce: "Malam, ni haifaffen garin ne. Wanda ya taɓa mini rubutu ko hanyar garinmu bai sani ba. Ta yaya zai fi ni sanin gidanmu?"

Ƙanena, bai fi ka sanin garinku ba, kuma ina jin shi ma bai ce ya fi ka ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Sai dai tambayar da yake yi daban, amsar da kake bayarwa daban. Kai kana cewa gaskiya ka faɗa. Shi kuwa yana cewa: ni da ban san ka ba, ban san kakanka ba, ina zan je in duba? Na daɗe ina gyara a wannan kundi, kuma kusan duk rigimar da na gani tsakanin sabon edita da tsoho daga nan take tasowa.

A wurinmu ganau ya fi jiyau. Ko a gaban alƙali, wanda aka yi abu a kan idonsa shi ake nema. To Wikipedia ba ta da alƙalin da zai dubi ƙwayar idonka ya rantsar da kai. Tun ranar 15 ga Janairu 2001 da Jimmy Wales da Larry Sanger suka buɗe ta, kowa na iya shiga da sunan da ya ga dama. Mai cewa shi jikan hakimi ne, da mai cewa shi farfesa ne, da yaron da ya ari wayar yayansa yana wasa, duk kamanninsu ɗaya a fuskar kwamfuta. Wanda ya bar ƙofarsa a buɗe ga kowa, dole ya tsananta bincike a kan kayan da ake shigo masa da su.

Idan ka taɓa zama a gaban malamin hadisi, wannan tsari ba baƙo ba ne a gare ka. Mutum ya zo da magana mai daɗi, mai ma'ana, ba a tsayawa kan daɗinta. Isnadi ake fara nema: wa ya faɗa maka, shi kuma a wurin wa ya ji? Manazartar da kake gani a ƙasan maƙala aikin isnadi take yi. Bambancin shi ne a nan dole silsilar ta tuƙe a wani abu da aka wallafa, littafi ko jarida ko mujallar ilimi ko shirin gidan rediyo da aka adana, wanda wani zai iya bin sawunka ya same shi.

Ƙa'idoji uku ne ke riƙe da abin da ake rubutawa, kuma biyu daga ciki su suka kama ka. Ta farko ita ce wadda na fara bayani: duk maganar da za a iya musantawa sai an nuna inda ta fito, nauyin kawo hujja kuma yana kan wanda ya sa maganar, ba kan wanda ya cire ta ba. Ta biyu: ba a fara wallafa sabon bincike a Wikipedia. Ka je ka zauna da dattawa, ka tattara jerin hakimai, ka auna shekarun kowa, wannan bincike ne na gaske, mai daraja. Amma kai ne mutum na farko da ya rubuta shi, kuma kundin ilimi ba wurin da ilimi ke fara fitowa ba ne. Wurin taƙaita abin da ya riga ya fito ne. Ta ukun, rashin ɗaukar ɓangare, zan zo kanta.

Zan gaya maka ra'ayina tsakani da Allah: wannan ƙa'ida tana cutar da mu fiye da yadda take cutar da Bature. Ƙauyen Ingila mai mutum ɗari biyar yana da rajistar coci ta ɗaruruwan shekaru da littafin da wani ya rubuta a kansa. Gari namu mai ganuwa da ƙofofi da sarauta tun kafin jihadin 1804, tarihinsa na iya kasancewa a kan mutum uku kacal, dukansu sun haura tamanin. Masu Wikipedia sun san da wannan giɓi. A 2011 wani ɗan Indiya, Achal Prabhala, ya jagoranci gwajin naɗar hirarraki da mutanen karkara a Indiya da Afirka ta Kudu don a riƙa kafa hujja da su, amma manyan Wikipedia ba su mayar da hakan ƙa'ida ba. Ni ma da farko na ji haushi. Abin da ya sanyaya mini gwiwa shi ne wata maƙala da na taɓa sa ido a kanta, ta wani gari da gidaje biyu ke jayayya kan sarautarsa. Yau ɗan wannan gida ya zo ya sa kakansa a matsayin wanda ya kafa garin, gobe ɗan wancan gida ya zo ya goge ya sa nasa. Kowa kakansa ne ya faɗa masa, kowa kuma ya rantse. Da ba don ƙa'idar nan ba, wanda ya fi data da zaman banza shi zai ci.

Kada ka ɗauka tarihin baka ba shi da shiga. Labarin Bayajidda da macijin rijiyar Kusugu da Daurama yana cikin Wikipedia a harsuna da dama. Ya shiga ne domin masana sun rubuta shi, sun yi sharhi a kansa, wasu ma sun yi jayayya da shi. Kuma ba a rubuta shi da muryar "haka aka yi". Ana cewa "a tarihin baka na Daura" ko "kamar yadda ruwayar ta zo". Tarihin sarakunan Kano ma da H. R. Palmer ya fassara zuwa Turanci a 1908, asalinsa abin da aka gada ne a baki da waƙoƙin fada kafin a zuba shi a takarda. Hanyar kenan: daga baki zuwa takarda, daga takarda zuwa hannun masana, sannan Wikipedia.

Yanzu, ina za ka samo madogara? Sun fi yawan da kake zato. Sassan tarihi da na harsunan Najeriya a Jami'ar Bayero ta Kano, da Ahmadu Bello ta Zariya, da Usmanu Danfodiyo ta Sakkwato cike suke da kundayen digiri a kan garuruwa da masarautu. Kundin digirin digirgir ana karɓarsa, musamman idan wasu masana sun kafa hujja da shi. Na digirin farko kuwa rauni gare shi, kada ka jingina babbar magana a kansa. Akwai Gidan Arewa a Kaduna, akwai ma'adanar tarihi ta ƙasa a can Kadunan, inda rahotannin jami'an mulkin mallaka a kan gundumomi suke. Waɗannan rahotanni ka riƙe su da hankali: shaidar mutumin wancan zamani ce, wanda sau da yawa ta bakin tafinta ya ji, kuma haraji ya zo ƙidayawa. Kana iya cewa "rahoton shekara kaza ya ce", amma ba kai za ka fitar da hukunci daga cikinsa ba. Akwai tsofaffin bugun Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta fara fita a Zariya a Janairun 1939, da Aminiya, da sassan Hausa na BBC da DW da RFI, da tsofaffin rahotannin sashen Hausa na Muryar Amurka. Ba sharaɗi ba ne madogara ta kasance a intanet, ba sharaɗi ba ne ta kasance da Turanci. Littafin Larabci ko na ajami da aka buga hujja ne. Ka dai rubuta sunan marubuci, da sunan littafi, da shekarar bugu, da maɗaba'a, da lambar shafi. Lambar shafin nan mutane ke raina ta. Ka ce wa mutum maganar tana cikin littafi mai shafi 400 ba ka faɗi shafi ba, kamar ka ce masa gidanku yana Kano ne ka yi shiru.

Abin da ba a karɓa: rubutun Facebook, saƙon da aka yaɗa a WhatsApp, shafin da mutum ɗaya ya buɗe yana zuba abin da ya so ba mai duba masa. Ma'aunin ba girman suna ba ne. Tambayar ita ce, akwai editan da ke tantancewa kafin a buga, kuma idan sun yi kuskure suna fitowa su gyara? A 2017 editocin Wikipedia ta Turanci suka yanke cewa a daina dogaro da jaridar Daily Mail ta Birtaniya, duk da miliyoyin masu karanta ta, saboda tarihinta na sakaci da ƙirƙira. Ka kuma kula da labarin da jarida ta buga wanda asalinsa sanarwa ce daga ofishin mutumin da ake magana a kai. Ka san irinsu: kalma ɗaya, hoto ɗaya, a jaridu biyar rana ɗaya. Wannan ba majiya biyar ba ce, majiya ɗaya ce ta sauya riga, kuma ba mai zaman kanta ba.

Wikipedia ita kanta ba madogara ba ce. Kada ka kafa hujja da maƙalar Turanci a maƙalar Hausa. Bi manazartarta ka buɗe da kanka ka gani ko maganar tana ciki. Akwai tarkon da ya fi wannan muni. A Fabrairun 2009 aka naɗa Karl-Theodor zu Guttenberg ministan tattalin arzikin Jamus. Mutumin ɗan gidan sarauta ne mai jerin sunaye, sai wani ya shiga Wikipedia ta Jamusanci ya cusa masa ƙarin suna, Wilhelm, wanda ba nasa ba. Manyan kafofin labarai, har da Spiegel, suka kwafa suka buga. Da wani edita ya yi shakka ya cire sunan, sai aka mayar da shi, aka kafa hujja da Spiegel ɗin. Ƙarya ta fita yawo ta dawo gida da shaida. Mu da kafofinmu na intanet ke yawan kwafe-kwafe, wannan hatsari ya fi kusa da mu. Idan ka ga shafi yana faɗin abu da kalmomin maƙalar sak, duba ranar da aka buga shi ka gwada da tarihin maƙalar.

Ka ce an bar rabin rubutunka. Na buɗe na karanta, kuma ko da hujja ta samu akwai gyara a salo. Jimlarka ta farko ta ce garinku "gari ne mai daɗaɗɗen tarihi, cibiyar ilimi da noma, mahaifar jarumai da waliyyai". Wannan kirari ne, kuma wurin kirari daban. Mai karatu da ke Agadas ko Kumasi yana son jimlar farko ta gaya masa mene ne abin, a ina yake: gari ne a ƙaramar hukuma kaza, jihar kaza, Najeriya. Idan cibiyar ilimi ne, kada ka faɗa, ka nuna: makaranta kaza da aka kafa shekara kaza, malami wane da ya zauna a can, ga hujja. Kalmomi irin su shahararre, fitacce, gwarzo, haziƙi, duk ka zubar. Idan mutumin fitacce ne ayyukansa za su faɗa.

Haka laƙabi. Ka rubuta "Mai Girma Alhaji Dakta" gaban sunan hakimi sau tara a sakin layi uku. A fada dole ka faɗi ka yi gaisuwa, ban hana ka ba. A maƙala kuwa, cikakken suna sau ɗaya a farko, a faɗi sarautarsa da shekarar da aka naɗa shi a matsayin bayani, daga nan sai suna kawai. Ba raini ba ne. Sarkin Ingila ma haka ake yi masa. "Marigayi" kuma ba ya ƙara komai idan ka sa shekarar rasuwa. Ka guji "an ce", "masana sun tabbatar", "kowa ya sani". Wa ya ce? Wane masani? Waɗannan kalmomi rigar aro ce da ra'ayin marubuci ke sawa. Ka guji "bana", "kwanan nan", "a halin yanzu", don maƙala za ta zauna shekara goma ba wanda ya taɓa ta. Adadin jama'a kuma sai da shekararsa da wanda ya ƙidaya: ƙidayar Najeriya ta ƙarshe ta 2006 ce, duk lambar da ta biyo baya hasashe ne, sai ka ce hasashe ne kuma na wane.

Ƙa'ida ta uku, rashin ɗaukar ɓangare, ta fi wuya a wurin da zuciya take. Ɗauki rikicin sarautar Kano. Abubuwan da suka faru a rubuce suke: a 2019 gwamnatin Ganduje ta raba masarautar gida biyar, ranar 9 ga Maris 2020 aka sauke Muhammadu Sanusi na Biyu aka naɗa Aminu Ado Bayero, a Mayun 2024 majalisar jiha ta soke waccan doka, Gwamna Abba Kabir Yusuf ya mayar da Sanusi, Aminu ya sauka a gidan sarki na Nasarawa, magana ta tafi kotu. Edita nagari zai rubuta wannan, ya kawo abin da kowane ɓangare ya ce da sunansa, ya tsaya. Da zarar ka rubuta "sarkin gaskiya" ko "haramtaccen sarki" da muryar Wikipedia, ka sauka daga kujerar edita ka shiga sahun magoya baya. Gwajin da nake yi wa kaina shi ne: wanda ke ɗaya ɓangaren, idan ya karanta, zai iya gane inda na karkata? In zai iya, da sauran aiki.

A kan mutanen da ke raye kuwa babu sassauci ko kaɗan. Akwai dalili. A 2005 wani ya rubuta a Wikipedia ta Turanci cewa an taɓa zargin John Seigenthaler, tsohon ɗan jaridar Amurka da ya yi aiki da Robert Kennedy, da hannu a kisan Robert ɗin da na ɗan'uwansa, Shugaban Amurka John Kennedy. Ƙarya ce tsagwaronta, ta kuma zauna wajen wata huɗu kafin a gano. Bayan wannan abin kunya ne aka tsaurara: zargi a kan mai rai wanda ba shi da ƙaƙƙarfar hujja cire shi ake yi nan take, ba a jiran tattaunawa. A rubutunka akwai jimlar da ta ce an tuɓe wani dagaci saboda cin kuɗin haraji, kuma mutumin yana raye. Wannan ko ni na gani da na cire kafin in gaishe ka.

Ka ambata mini a ƙarshen saƙonka cewa hakimin yanzu kawunka ne. Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi, amma ba a nan ba. Ba a hana ka rubuta tarihin garinku ba. Sashen da ya shafi kawunka dai, ka bayyana dangantakarku a shafin tattaunawa na maƙalar, inda editoci ke magana da juna, ka ajiye hujjojinka a can, wani ya shigar. Idan kuwa wata rana wani ɗan siyasa ya ba ka kuɗi ka rubuta masa maƙala, tun 2014 sharuɗɗan Gidauniyar Wikimedia, mai kula da Wikipedia, suka wajabta ka bayyana wanda ya biya ka.

Saura biyu da suka shafi harshenmu. Na farko kwafe. Duk abin da ka zuba a Wikipedia ka ba duniya izinin ɗauka ta sake amfani da shi, har a sayar, muddin an ambaci tushe. Ba ka da ikon ba da kyautar abin da ba naka ba, don haka sakin layi daga littafin wani ko daga shafin BBC ba ya shiga, ko da ka sa manazarta, ko da fassara shi ka yi kalma da kalma. Karanta, rufe littafin, rubuta da bakinka. Na biyu fassarar inji, wadda a ganina ita ce babbar cutar Wikipedia ta Hausa a yau, ta fi rashin hujja ɓarna. Mutum ya zuba maƙalar Turanci a manhaja, ya kwaso, ya wallafa bai karanta ba, don a ce ya yi maƙala ɗari a gasa. Sai ka ga an mayar da mace namiji a tsakiyar jimla, an fassara sunan mutum kamar sunan kaya, an jera kalmomin Hausa a kan ƙashin Turanci. A 2020 aka gano cewa wani matashi Ba'amurke da ba ya jin harshen Scots na Sukotlan ya rubuta maƙaloli fiye da dubu 20 a Wikipedia ta wannan harshe, Turanci ne kawai da aka karkata wa haruffa. Da kyakkyawar niyya ya yi, amma masu harshen sun sha wahalar share ɓarnar. Kai aƙalla Hausarka ta gida ce, wannan ka fi da yawa daga cikinmu. Ka dai sa maɓallan da ke da ƙ da ɗ da ɓ a wayarka: ka rubuta cewa garin ya yi suna da "kasa", na rasa ko ƙasa kake nufi ko macijiya.

To me za ka yi yanzu? Kada ka mayar da rubutun da ƙarfi. Ka mayar, ya cire, ka mayar, ya cire, wannan shi ake kira yaƙin gyara, kuma a Wikipedia ta Turanci wanda ya wuce sau uku cikin awa 24 ana iya toshe shi ko da shi ke da gaskiya. Rubutunka bai ɓata ba: danna "tarihi" a saman maƙalar, kowane gyara yana nan da ranarsa da sunan mai shi. Kwafe tsohon ka kai shafinka na gwaji, wato shafin da edita ke gyara rubutunsa kafin ya kai shi maƙala. Ka bi shi jimla jimla, kowace ka tambaye ta wa ya buga ta. Wadda ta samu mai ita ta koma maƙala da manazartarta, wadda ba ta samu ba ta jira. Sannan ka je shafin tattaunawa ka yi wa mutumin sallama, ka tambaye shi wace irin hujja zai gamsu da ita. Yawancinsu ɗalibai ne da malamai irinka masu aikin sa kai da datarsu, kuma za ka yi mamakin yadda mai goge maka rubutu ke komawa mai taya ka nema.

Shi kuwa kakanka, kada ka jira hutun ƙarshen shekara. Ka je da waya mai caji, ka fara naɗi da faɗin rana da wuri da cikakken sunansa da shekarunsa, ka nemi izininsa a cikin naɗin. Kowane labari ya ba ka, tambaye shi a bakin wa ya ji, shi wancan kuma ya ga abin da idonsa ko shi ma ji ya yi. Ka nemi dattijo na biyu daga wani gida, musamman gidan da ba sa ga maciji da naku, ka yi masa tambayoyin nan dai. Ka kai wa wani malami a sashen tarihi ya duba, ko ka mayar da shi aikin kammala digirinka, ko ka ba wakilin jarida ko gidan rediyon jiharku su yi shiri a kai. Ranar da aka buga shi, ka turo mini sunan mujallar da lambar shafi, ni zan shigar da jerin hakiman da hannuna.